Usur ɗin Jirgin Fatakwal

Ranar Laraba da hantsi ina tsugune a bayan gida ina gyara wa akuya turke, sai ga Mu'mina ta faɗo ba ko sallama, mayafi a hannu, takalmi ƙafa ɗaya. Autata ce, cikinta wata takwas. Mako mai zuwa ma za ta dawo gida goyon ciki, har na sa an share mata ɗakin marigayiya mahaifiyarta.

"Baba, sun kama shi! Sun ɗaure shi a ofishin 'yan sintiri, na ga jini a bakinsa."

Ba sai na tambayi wanda take nufi ba. Mijinta ne, Sale, mai rumfar gwangwan a ƙarshen layin Malam Ghali.

"Me ya yi?"

"Wai usur ɗin Baba Direba ya sata. Wallahi Baba tare muka tashi, ni na zuba masa ruwan alwala."

Sunana Uwais. Shekara arba'in ke nan ina bin sawu. Da a dawa nake bi, bayan gada da mugun dawa. Da naman ya ƙare sai na koma bin shanu da awakin da suka wayi gari a garken da ba nasu ba. A Keffi in abu ya ɓace, matuƙar da ƙafa aka tafi da shi, ni ake aika wa. Sai dai ban taɓa bin sawun da ya ratsa ta cikin gidana ba. Na saki turken na miƙe.

Duk Angwan Iya babu wanda bai san usur ɗin nan ba. Malam Ghali, wanda ake ce wa Baba Direba, direban jirgin ƙasa ne tun zamanin masu cin kwal, waɗanda ke tafiya da tururi. Ranar da aka ajiye kan jirginsa aka kawo masu shan dizal, ya roƙi arziki aka bar masa usur ɗin, na tagulla zalla, tsawonsa kamu guda, nauyinsa ya kai na ƙaramin turmi. Ya kafe shi a jikin katako a bangon zaurensa, kowace safiya sai ya goge shi. To bana sai wata ƙungiya ta tsofaffin ma'aikatan jirgi a kudu ta tayar da wannan kan jirgin daga barcin shekara arba'in. Ranar Asabar zai ja taragu huɗu daga Aba zuwa Fatakwal, a tafi da safe, a ga ruwan teku da manyan jiragen da ke tsayawa a bakinsa, a dawo da yamma. Cikin waɗanda suka taɓa riƙe irinsa Malam Ghali kaɗai suka samu da rai, don haka suka rubuto masa ya zo da usur, ya ja jirgin da hannunsa.

Unguwa ta ɗauki abin tamkar biki. An yi anko, an kama doguwar mota ta ranar Juma'a, tsofaffin da ko Binuwai ba su taɓa gani ba suna ta tambayar ko gaskiya ne ruwan can gishiri gare shi. Sai ga shi saura kwana uku an wayi gari bango babu usur. Shi kuwa Sale baƙo ne, ɗan Gitata, sana'arsa sayen tsofaffin ƙarafa, kuma wata rana garin gaisuwa ya ɗaga kai ya ce, "Baba, wannan ai ya yi kilo goma sha biyu." Wasa ya yi. Ranar Laraba kowa ya tuna maganar, babu wanda ya tuna an yi dariya.

* * *

Tsakanina da Sale akwai kunyar surukuta. Shekara biyu da aurensu ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Ranar na kalla. Yana zaune a ƙasa, hannu da ƙafa a ɗaure, leɓe ya kumbura, yatsu biyu na hannun dama sun karkace. Da ya gan ni sai ya yi yunƙurin durƙusawa ya gaishe ni, igiya ta hana shi. Wannan ya fi jinin ƙona mini rai.

Izzuddeen ne a tsaye a bakin ƙofa, ɗan Malam Ghali, ma'aikaci a Abuja, wanda ya ɗauko hutu musamman saboda tafiyar. Samarin unguwa na bayansa.

"Baba Uwais, muna ganin girmanka," in ji shi, "amma biri ya yi kama da mutum. Waye a layin nan ya san darajar tagulla in ba shi ba?"

"Kun same shi da kayan?"

"Ai shi ya sa muke tambayarsa."

"Da gora ake tambaya? Ku kai shi wajen hukuma mana."

"Mu kai shi, kafin a buɗe fayil an narkar da usur an yi kan famfo da shi. Motarmu asubar Juma'a za ta tashi. Mun ba shi zuwa gobe bayan la'asar. In bai fito da shi ba za mu duba ƙarƙashin rumfarsa, kuma wuta ce za ta taya mu dubawa."

Na san abin da shi bai sani ba. Wutar da aka kunna wa wanda aka kira ɓarawo ba ta tsayawa a rumfa. Na taɓa gani sau ɗaya a bakin kasuwa, har yau ba na son warin taya.

* * *

Malam Ghali na zaune a kan tabarma a zaurensa, hula a gefe. Na yi sallama ya amsa, ya miƙo hannu, sai da na ɗan gusa hagu kafin tafukanmu suka haɗu. Na ɗauka damuwa ce ta yi masa yawa.

"Uwais, muryata aka ɗauke," ya ce. "Shekara arba'in ina jiran Asabar ɗin nan, ban ma san ina jira ba."

Ya ce da zai fita sallar asuba usur na nan, don ya shafa shi kamar kullum. Da ya dawo ya kai hannu, sai katako.

"Wa ya shigo jiya, Malam?"

"Masu gaisuwa. Sai Ruben, ya kawo mini doya daga Gudi kamar yadda ya saba duk wata, ya wuce gidan 'yarsa Catherine ya kwana. Abokin aikina ne na jirgi, shekara hamsin muna tare. Kada ma ka kawo shi a ranka."

Na matsa kusa da katakon. Notuna huɗu ne suka riƙe usur ɗin. An kwance su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an ƙwarzane ko ɗaya ba, sannan aka mayar da kowanne mazauninsa aka ɗaure. Na jima ina kallo. Ɓarawon da ke sauri fizga yake yi, ɗan gwangwan kuwa ko noti ɗaya ba zai bar maka ba, ai shi ma ƙarfe ne.

Ƙofar gida 'yan kallo sun riga sun tattake ta, abin da ya tsira kawai shi ne sawun Malam Ghali zuwa masallaci, a manne da bango, ƙafa na jan ƙasa. Amma zauren na da wata ƙaramar ƙofa ta baya da ke fita gonar masara, kuma Allah ya taimake ni ruwan sama ya ɗauke dab da kiran salla. Ƙasa ta kwanta luf, duk wanda ya taka ya bar sunansa.

Mutum ɗaya ne. Takalmin roba na noma, irin wanda kowane manomi ke da shi. Ya zo ba kaya, ya koma da nauyi a kafaɗar dama. Ba takalmin ne ya tsayar da ni ba, takun ne. Ƙafar babba ce, ta dogon mutum, amma takun gajere, kuma duk ɗaya. Mai gudu da kayan sata yakan buɗe ƙafa, ya waiwaya, ya kauce wa taɓo. Wannan ko a hawa ko a gangara bai ƙara ba bai rage ba. Inda ruwa ya kwanta, da ya ɗan miƙa ƙafa ya tsallake, amma sai ya taka cikin ruwan, don nan takunsa ya faɗa.

Na yanko karan masara daidai tsawon takun, na aika aka kira mai unguwa ya tsaya a kaina. Taku sittin na auna a gabansa, karan bai yi ragi ba bai yi ƙari ba. A na sittin da ɗaya muka iso kwalta, ita kuwa kwalta ba ta taɓa gaya mini komai ba.

* * *

Na koma ofishin 'yan sintiri na roƙa aka kwance wa Sale ƙafa ya taka ƙasa. Takunsa ya zarce karan da taƙi guda har da ɗoriya. Na ɗago da murna, sai na ga Izzuddeen na dariya.

"Suruki ya auna suruki ya ce ba shi ba ne. Baba, usur za ka kawo mana, ba kara ba."

Daga nan zargina ya koma cikin gidan. Madina, babbar 'yar Malam Ghali, wadda ta dawo tana kula da shi tun rasuwar mijinta, ita kaɗai ce a gidan ban ga alamar ɓacin rai a fuskarta ba. Na same ta a bakin murhu.

"Kin so tafiyar nan tasa?"

"Ban so ba."

"Saboda me?"

"Ya tsufa, Baba Uwais." Ta kau da kai tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Can ta ce jiya ta ji muryar mahaifinta da ta Baba Ruben sun ɗaga, abin da ba ta taɓa ji ba, har baƙon ya fita bai sha ruwa ba. Ban ba maganar muhimmanci ba. Tsofaffi biyu in ba su yi musu ba me za su yi? Na duba sawunta daga murhu zuwa rijiya. Gajere ne, amma wani ya fi wani.

Wani kuma ya raɗa mini cewa Izzuddeen ya taɓa ɗaukar hoton usur ɗin ya nuna wa wani mai tara kayan da a Abuja. Wallahi na so a ce shi ne, ba zan ɓoye ba. Na bi bayansa a hankali zuwa sallar magariba. Yana tafiya yana watsa ƙafa waje, taku ɗai-ɗai na mutumin da ya saba da takalmi sau-ciki. Ba shi ba ne.

Da na dawo gida na tarar da Mu'mina zaune, kwanon tuwo a gabanta ko buɗewa ba ta yi ba.

"Baba, ka samu?"

Karan masara ne kawai a hannuna. Ban taɓa jin kunyar sana'ata ba sai ranar.

* * *

Alhamis da sassafe na hau motar Gudi. A can, kusa da tsohuwar tashar jirgi, akwai masu sayen ƙarfe da ba sa tambayar inda aka samo shi, na ce ko tagullar ta bi ta hannunsu. Na shiga nan na fita can har rana ta take tsaka. Wani ya rantse, wani ya zage ni, wani ya tambaye ni ko ni ɗan sanda ne. Babu wanda ya ga usur. Na duba inuwata na ga ta dawo ƙarƙashin ƙafata, la'asar na ta matsowa.

Don in yanke hanya zuwa titi sai na bi ta kan dogo. Jirgi ya yi shekaru bai bi ta nan ba. Duk wanda ya taɓa tafiya a kan katakan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin dogo ya san haushinsu: ka taka ɗaya-ɗaya ya yi maka kusa, ka tsallake ɗaya ya yi maka nisa. Ina tafe ina tsaki, na yi tuntuɓe, karan ya suɓuce ya faɗi. Na sunkuya zan ɗauka, sai na ga kansa ɗaya a tsakiyar wannan katako, ɗayan a tsakiyar na gaba.

Na auna na biyu, na uku, na goma. Daidai wa daida.

Ashe ba ɓarawo nake bi ba, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa a kan katakan nan nake bi, har ƙafarsa ta manta akwai wani taku a duniya. Na ɗaga kai. Ciyawar da ke tsakanin katakan an cire ta tas har iya ganina, can gaba kuma ga wani dogon tsoho, doguwar sifana a kafaɗar dama, kai a sunkuye, yana tahowa. Wata mai gyaɗa a gindin mangwaro ta ga ina kallonsa.

"Baba Ruben ne," ta ce. "Kiman suke ce masa, mai duba dogo. Shekara talatin da biyar yana bin layin nan yana ɗaure abin da ya kwance. An sallame shi, jirgi ya daina zuwa, shi bai daina ba."

Na tsaya har ya iso. Ya dubi karan, ya dubi fuskata.

"Kai ne mai bin sawu na Keffi."

"Ni ne. Na ga ka mayar da notunan mazauninsu, Baba."

Ya yi wani ɗan murmushi mara daɗi. "Hannu ne ya yi, ban ma sani ba. Ba na iya barin noti a ƙasa."

"Ina usur?"

"Yana nan lafiya, na shafa masa mai. Lahadi zan mayar."

"Lahadi? Yau bayan la'asar za a ƙona mutum saboda shi."

Na gaya masa komai. Sifanar ta zame daga kafaɗarsa, ya zauna a kan dogo ya dafe kai. "Yesu! Na ɗauka za a ce ɓarayi ne a yi haƙuri." Ni kuwa ban san lokacin da na durƙusa na riƙe takalmin robar nan da na kwana ina gani a idona ba. Na ce masa mijin 'yata ne, 'yata na da ciki wata takwas, ya dubi girman Allah. Na tambaye shi me ya sa ya ɗauka.

"Ba zan faɗa a bayan idon Direba ba. Tashi mu je. Amma ka ji, usur ba zai fita daga buhu ba sai Direba ya faɗi gaskiya da bakinsa."

Muka biya ta gidansa muka ɗauko usur ɗin a buhu. Mota ta ƙi cika, da ta cika ta ƙi sauri. Ina zaune buhun na kan ƙafata, ina tunanin abin da nake shirin yi: in fitar da surukina daga hannun samari masu galan ɗin fetur, in miƙa musu wani tsohon baƙo a madadinsa. Gaba kura, baya sayaki. Muna Garaku na ji ana kiran la'asar.

* * *

Mun tarar da layin ya cika. An fito da Sale an zaunar da shi a gaban rumfarsa, galan na gefen ƙafar Izzuddeen, mai unguwa na ta ba da haƙuri babu mai sauraro, mata uku sun rirriƙe Mu'mina. Na bar Ruben a bayan jama'a, na kutsa da buhu ina ihu da muryar da ban san ina da ita ba.

"Na samo mai sawun! Ku ba ni tsintsiya da ruwa!"

Son ganin ƙwaƙwaf ya fi fushi ƙarfi, suka buɗa. Na share ƙofar gidan Malam Ghali na yayyafa ruwa, aka fito da shi aka zaunar a kujera. Na ɗaga karan, mai unguwa ya shaida karan ne da ya gani jiya a kan sawun gona. Na sa Sale ya taka, ya zarce. Na sa Madina, ba ta kai ba. Na ce Izzuddeen ma ya taka. Ya harare ni, ya taka, ya zarce. Sannan na yi wa Ruben alama.

Ya taho kai a sunkuye, kamar yana duba dogo. Na bi bayansa ina ajiye karan, ɗaya, biyu, har takwas, mai unguwa na ƙirgawa da ƙarfi. Kafin in miƙe wuri ya kaure. "Shi ne!" "Ku kawo fetur ɗin nan!" Na sha gabansa na buɗe hannuwa, duk da na san ƙarfina bai kai in tare ko mutum biyu ba.

Ruben ya ture ni gefe a hankali. Ya zaro wani ƙyalle a naɗe jikin guntun itace daga aljihunsa, ya warware. Tsohuwar jar tuta ce ta masu aikin dogo. Ya je ya tsaya taku biyar a gaban kujerar Malam Ghali, ya ɗaga ta sama, bai ce uffan ba.

Malam Ghali na ta juya kai dama da hagu. "Ruben? Ƙarya ne! Ina yake? Ku kawo mini shi gabana in ji daga bakinsa."

Na gaba ne suka fara yin shiru, shirun ya riƙa tafiya baya har ya kai ƙarshen layi.

"Ina gabanka, Direba," in ji Ruben. "Me na ɗaga maka?"

Tsohon ya ƙura ido inda muryar ta fito. Iska ta kaɗa ƙyallen ya yi ƙara. "Tuta," ya ce.

"Wace iri?"

Ya ƙara ƙura ido.

"Koriya."

Madina ta fashe da kuka ta rufe fuska da zani. A nan na tuna hannun da ya miƙo mini a gefe, da sawun nan da ke manne da bango. Ƙasa ta gaya mini tun jiya, ni ne ban saurara ba.

"Wata uku ke nan," in ji Ruben, "in na zo sai in tsaya a bakin zaure in ɗaga maka hannu biyu, alamar tsayawa, wasanmu tun muna samari. Ba ka amsawa. Talata na ce ka gaya wa mutanen kudu, ka kore ni. Taragu huɗu, Direba, mata da yara. Titi nawa ne ke tsallaka dogo tsakanin Aba da Fatakwal?"

"Na haddace hanyar. Na san kowace kwana."

"Ka san kwana, ba ka san wanda zai tsallaka ranar Asabar ba. Kai kana sama, in an buge abu ƙara kawai kake ji. Ni ne mai zuwa daga baya da buhu in tattara. Sau bakwai na yi. Ba zan bari a yi na takwas da hannunka ba. Na san ba za ka je musu hannu rabbana ba, shi ya sa na ɗauka. Abin da ban sani ba shi ne za a kama ɗan mutane."

Malam Ghali ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ya ce. "Tun bara hayaƙi kawai nake gani. Takardar likitan da na aika musu tsohuwa ce. So nake in riƙe shi sau ɗaya kafin in mutu, shi ke nan."

Na kwance bakin buhu na ɗora masa usur a cinya. Ya rungume shi, ya shafa, sannan ya ce, "Ina yaron nan?" Mai unguwa da kansa ya kwance Sale ya kawo shi. Tsohon ya laluba ya kama hannunsa, yatsunsa suka faɗa kan waɗanda aka karya, Sale ya cije leɓe.

"Ƙaryata ce ta jawo maka. Ka yafe mini, ɗana."

"Baba, kai na yafe maka," in ji Sale. "Kai ba ka gani."

Ya juya ya dubi mutanen layin ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ya shekara biyu yana gaisarwa, ya ƙare a kan galan ɗin da ke gefen ƙafar Izzuddeen.

"Su fa, da idonsu biyu?"



* * *

Motar Aba ta tashi da asubar Juma'a, har da Ruben a ciki. Malam Ghali ya sa an buga wa 'yan ƙungiyar waya ya faɗa musu gaskiya, suka ce ya zo duk da haka: wani direba mai ƙuruciya zai riƙe jirgin, shi ya tsaya a gefensa yana gaya masa abin da kunne da hannu suka sani, Kiman ya duba hanya, in ya dafa masa kafaɗa ya ja usur.

Izzuddeen ya zo ba da haƙuri kafin su tafi, dattawan layi ma sun zo. Sale ya amsa gaisuwar kowa, sannan ya aika Gitata a turo masa mota. Ya ce Mu'mina ta zauna wurina ta haihu kamar yadda aka saba, in ta yi arba'in ya zo ya ɗauke ta. Ita ce ta ƙi.

"Baba, ka yafe mini. Ba zan haifi ɗana a unguwar da aka ɗauko wa ubansa fetur ba."

Asabar da hantsi ina taya su ɗora kaya, don shi hannunsa a naɗe yake, sai wayata ta yi ƙara. Madina ce, ga hayaniya da guɗa a bayanta.

"Baba Uwais, saurara! Mun kusa shiga Fatakwal, ga ruwan can muna hange!"

Sai na ji shi. Dogon kuka mai kauri, ya tashi ya yi sama ya daɗe bai sauka ba. Na miƙa wa Mu'mina wayar ta tagar mota don ita ma ta ji. Ba ta karɓa ba. Ta riƙe hannuna da nata biyu, ta ce in riƙa cin abinci, sannan ta ce wa direba su tafi.

An yi ruwa da safe, ƙasa ta kwanta. Na bi sawun tayar da ido, a cike da kaya, ta ɗan karkata hagu wajen da 'yata ke zaune. Na taka na bi shi har bakin kwalta, karan masarar nan na hannuna ban san na ɗauko shi ba. Daga nan babu abin da zan bi.